Ɗan'uwan Kakaki da Ya Ɓata a Jamus

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ikara ko Maƙarfi ko Kudan, tun yana ƙarami kunnensa ya san busar ƙarfe iri biyu. Ta farko sai an je Zariya ake cika kunne da ita, ranar hawan Sallah, sa'ad da hakimai suka shiga birni da dawakinsu da makaɗansu don gaishe da Sarkin Zazzau. Ana cikin ƙura da gangi da algaita, sai a hangi dogayen ƙarafa sun miƙe bisa kawunan mahaya, su saki amo biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, nan take kowa ya gyara tsayuwa don an san Sarki ya taho. Kakaki ke nan. Ta biyu kuwa har gida take iske mu. Ita ce begilar 'yan badujala, wadda 'yan makaranta ke busawa a filin fareti a Ikara ko Hunkuyi ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba, wasu 'yan agaji kuma su fito da ita lokacin Maulidi.

Busa ta uku wayar hannu ce ta kawo mana ita. Wanda ya nemi sunan Ernst Mosch a YouTube zai ga wani dattijon Bajamushe tsaye a gaban mutanensa, suna sanye da tufafin gargajiyar ƙauyukansu, riƙe da ƙahonin tagulla manya da ƙanana, kowanne a nannaɗe. Su ba amo biyu suke fitarwa ba. Waƙa sosai suke rerawa da ƙarfen, mai hawa da sauka, da wani irin taushi da mutum bai zaci ƙarfe zai iya ba. Amma a lura da bakinsu. Yadda mai kakaki ke haɗe leɓɓansa ya manna su a bakin bututu, haka su ma suke yi. Babu ɗan karan da ake sa wa algaita, babu hudar yatsu irin ta sarewa. Leɓe ne kawai yake rawa, bututu ya ɗauka ya ƙara masa ƙarfi. To, tun da yadda ake busa su ɗaya ne, 'yan gida ɗaya ne ko kama ce kawai? In kuwa 'yan gida ɗaya ne, wa ya haifi wani, kuma me ya sa namu ya tsaya a amo biyu alhali nasu yana waƙa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce Turawa ne suka kawo mana kakaki, muka kwaikwaya gwargwadon iyawarmu. Mai wannan ra'ayi yana da abin kafa hujja. A duba jikin kakaki da yawa na ƙarnin da ya wuce, za a tarar da garwar kananzir aka yi su, an yanka, an naɗe, an liƙe. Garwa kuwa ba ta wadata a ƙasarmu ba sai da jirgin ƙasa ya zo, kuma layin dogon da ya ratsa ta Gimi a ƙasar Maƙarfi sai a 1911 ya isa Kano. Daɗin daɗawa, Jamusawa sun rigayi Turawan mulki taka wannan ƙasa. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851. Eduard Vogel ya shigo Zariya a 1855. Paul Staudinger ya zo Zariya a 1885 ya zarce Kano, ka ga kuwa mai tafiya tsakanin biranen nan biyu ta ƙasarmu yake ratsawa.

Sai dai lissafin shekaru ya ƙi wannan amsa. Littafin Tarihin Kano ya lissafa abubuwa goma sha biyu da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A cikinsu akwai gina Gidan Rumfa, da kafa Kasuwar Kurmi, da Tara ta Kano, da figini, da kakaki. Ke nan kusan shekara 400 kafin Barth ya ga ganuwar Kano ana busa wa sarki kakaki a cikinta. Garwa ta maye gurbin tagulla ne kawai saboda ta fi araha kuma ta fi sauƙin aiki. Siffar ta riga ta.

In ba Turawa ba ne, ko dai mu muka ƙago abinmu daga ƙahon dabba da na itace? Wannan ma tana da ƙafafu. Shi dai wannan littafi ya ce a zamanin Sarki Tsamiya, a farkon ƙarni na 14, aka fara busa dogayen ƙahoni a Kano. Har yau kuma ana tunawa da famfami da farai, waɗanda ba na ƙarfe ba ne. Dixon Denham, da ya je Borno a 1823, ya ga dogayen ƙahonin itace a gaban Mai. Ibn Baɗɗuɗa kuwa, da ya zauna a fadar Mansa Sulaiman na Mali a 1352, ya ce ƙahonin da ake busa wa sarkin na hauren giwa ne. Duk wannan ya nuna busa wa sarki tsohuwar al'ada ce a ƙasashen Sudan. Amma ya nuna wani abu kuma: a tsakiyar ƙarni na 14, a fadar da ta fi kowace arzikin zinariya a Afirka ta Yamma, haure ake busawa. Marubucin Tarihin Kano ma ya raba tsakanin ƙahonin zamanin Tsamiya da kakakin Rumfa, ya lissafa na biyun a matsayin sabon abu. Kuma a daidai lokacin da kakaki ya ɓullo a Kano, sai ga sunansa a littattafan tarihin Tumbutu, cikin kayan sarautar Askiyoyin Songhai. Abin da ya bayyana a fadoji biyu masu nisa da juna a zamani ɗaya, akwai inda ya fito ya raba musu.

Hanyar da ta haɗa Kano da Gawo a lokacin ita ce ta Azbin, ta Agadas, wadda ta miƙe har Tuwat da Tilimsan da Fas. Ta nan Shehu Magili ya biyo ya sauka wurin Rumfa wajajen 1492, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Ta nan kuma jan ƙarfe ke shigowa, don Ibn Baɗɗuɗa ya ga ana narka shi a Takedda ana kai wa Gobir da Borno. Hanyar da ta ɗauko malami da littafi da ƙarfe ba za ta gaza ɗauko ƙaho ba. Wanda kuma ya bi ta har ƙarshenta a yau zai iske shaida da ranta. A tsofaffin unguwannin Fas da Marrakesh a Maroko, cikin watan azumi, akwai mai yawo da asuba yana tashin mutane sahur da wani dogon ƙahon tagulla miƙaƙƙe, siriri, mai buɗaɗɗen baki, wanda ake kwancewa gaɓa-gaɓa. Sunansa nafir. Ɗan Zazzau ya gan shi ba zai tambayi ko mene ne ba.

Kama a siffa kaɗai ba ta isa hujja ba, don mutane biyu da ba su san juna ba suna iya naɗe ƙarfe ya fito iri ɗaya. Abin da ya gamsar da ni shi ne dokar da ke tafe da ƙarfen. A al'adarmu kakaki ba na kowa ba ne. Attajirin rake a Maƙarfi ko babban manomin tumatir a Ikara zai iya kiran masu kalangu ranar aurar da 'yarsa, ya yi musu kyautar da za a daɗe ana zancenta, amma kuɗinsa ba zai sa a busa masa kakaki ba. Kakaki da tambari na gadon sarauta ne. A fadar Zazzau, daren Juma'a, makaɗan Sarki kan hallara a ƙofar fada su yi sara, wato sanarwar mako-mako cewa mai ƙasa yana nan a kan gadonsa. To, wannan tsari mun same shi a Bagadaza tun zamanin Abbasiyawa, inda kaɗa tambura a ƙofar gida a lokutan salla ya kasance haƙƙin Halifa shi kaɗai, har ya zama babban labari a ƙarni na 10 da aka yarje wa wani basarake, Adudud Daula, a kaɗa masa sau uku a yini. Mun same shi kuma a can gabas mai nisa, a Malesiya, inda sarakunan Kedah da Perak ke da ƙungiyar busa da kiɗa mai suna nobat, da dogon ƙahonta nafiri, ba a kuma taɓa ta sai don sarki. Daga Bagadaza zuwa Perak zuwa Zazzau, dogon ƙarfe da babban tambari tare suke tafiya, kuma a ƙofar sarki suke sauka. Daga ƙasar Hausa ne kuma ya gangara Bida da Ilori da fadojin Yarbawa, da wannan dokar a bayansa.

An gano uban kakaki ke nan. Saura Jamus.

Bayan faɗuwar daular Rumawa ta yamma, sana'ar ƙera dogon ƙahon ƙarfe ta yi rauni ƙwarai a Turai. Ta farfaɗo ne lokacin da Turawa suka yi ta karo da rundunonin Musulmi a Andalus da Sikiliya da kuma yaƙe-yaƙen Salibiyya, tsakanin 1095 da 1291. Sun ji yadda nafir da tambura ke razana doki da mahayi, suka kwashe su ganima, suka koyi ƙerawa. Mutanen Sifen ko sunan ba su sauya ba, añafil suke ce masa. A 1984, masu tonon ƙasa a Billingsgate, bakin kogin Landan, suka tono wani ƙaho na ƙarni na 14. Miƙaƙƙe ne sambal, tsawonsa ya kusa mita ɗaya da rabi, gaɓoɓinsa huɗu ne da ake zura wannan cikin wancan. Da za a jingina shi a zauren Sarkin Kakaki, ƙaramin ƙane kawai za a ɗauke shi.

Dokar ma ta bi shi har can. A 1623, babban sarkin daular Jamus ta dā, Ferdinand na II, ya ba masu busa ƙaho da masu kaɗa tambura na fadoji da na yaƙi takardar gata. Ba mai shiga sana'ar sai ya yi shekaru yana koyo a hannun ubangida. Ba a yarda su busa a bikin talaka ba, ba a kuma yarda makaɗan gari su taɓa irin ƙahonsu ba. A fagen fama su ake aikawa da saƙo sansanin abokan gaba. Wato a shekarun da ake busa wa sarakunan Haɓe kakaki a Zazzau, a Dresden da Biyana ma ƙahon ƙarfe da tambari kayan sarauta ne, talaka sai dai ya ji daga nesa. Har zuwa nan, labarin 'yan'uwan biyu ɗaya ne. Abin nema yanzu shi ne mararrabar da suka rabu.

Rabuwar farko a maƙera aka yi ta. Wajajen 1400 maƙeran Turai suka gano yadda ake lanƙwasa bututu ba tare da ya tsuke ko ya tsage ba: a cika shi da narkakkiyar dalma, a bari ta daskare, a tanƙwara, sannan a narkar da ita a zubar. Birnin Nuremberg ya shahara da wannan aiki har gidaje irin su Neuschel da Haas suka gaje shi kaka da kakanni. Lanƙwasawa ba ta rage komai. Kamar igiyar guga ce, a naɗe take ko a warware, tsawonta yana nan. Tsohon ƙahon fadar Jamus, in aka miƙar da shi, ya haura mita 2. Ƙaho mai zamiya, wanda ake turawa gaba a jawo baya, shi ne kuma wanda Mosch ya ƙware a kai, bututunsa ya kai mita 2.7. Tsawon kakaki ke nan. Shi mai zamiyar daga wancan miƙaƙƙen ƙaho ya samo asali a ƙarni na 15. Ashe abin da Mosch ya yi shekaru yana ci da shi, kakaki ne da aka ninke.

Amma ninkewa ba ta sa ƙarfe waƙa. Bututun da babu huda a jikinsa, amon da zai iya bayarwa ƙididdigagge ne. Mai busa ya saki leɓɓansa ya sami na ƙasa. Ya matse su ya ƙara iska, amon ya yi tsalle zuwa na gaba, babu tsayawa a tsakani. Matakan ƙasa suna da tazara mai faɗi, amma yadda ake hawa haka suke matsowa kusa da juna, har can ƙololuwa su jeru yadda za a iya rera waƙa da su. Mai kakaki a matakan ƙasa yake zaune. Mai begila kan yi yawo a kan kamar biyar. Masu busar fadojin Jamus kuwa ƙololuwar suka haye, da leɓe da ƙirji zalla, aikin da ke cin rai. Gottfried Reiche, wanda yake yi wa mai tsara kiɗa Bach busa a Leipzig, ya yanke jiki ya faɗi ya mutu a 1734, washegarin daren da ya yi wa sarki busa a waje cikin hayaƙin jiniya. Waƙar da sai gwani ɗaya cikin dubu ke iyawa ba za ta zama ta mutanen ƙauye ba.

Abubuwa biyu suka sauya wannan, kuma kusan tare suka zo. A 1806 tsohuwar daular ta rushe a hannun Napoleon, ƙananan fadoji da yawa suka watse, gatan masu busar fada ya bi su. A 1818 kuma, a Berlin, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi rajistar wata dabara: bawul. Maɓalli ne da in an danna shi, iska ta bi ta wani ƙarin lanƙwasan bututu kafin ta fita, tsawon ƙahon ya ƙaru nan take. Da maɓallai uku, ƙaho ɗaya ya sami tsawo iri bakwai, duk giɓin da ke tsakanin matakan nan ya cike. Shi Blühmel ɗin ba ɗan fada ba ne, mai busa ne a ƙungiyar ma'aikatan haƙar ma'adinai. A 1835 Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz suka ƙara da tuba, ƙaton ƙahon nan mai gurnani. Doka ta faɗi, busa ta yi sauƙi, masana'antu suka karya farashi. Kafin ƙarnin ya ƙare, da wuya ka sami ƙauye a Bavariya ko Bohemiya da ba shi da ƙungiyar busarsa, ta manoma da 'yan kwana-kwana da masu haƙar kwal, su raka amarya, su raka gawa.

A daidai waɗannan shekaru a nan gida ma ƙasa ta girgiza, amma sakamakon ya bambanta. Wajajen 1808 masu jihadi suka ci Zariya, Malam Musa ya hau, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba, daga baya kuma ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja kusa da can a 1828, Suleja ta yanzu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki yawan kaɗe-kaɗen sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi. Duk da haka gadon sarauta bai rushe ba, mai zama a kai ne ya sauya, kakaki kuwa ya ci gaba da tsayuwa a ƙofar fada a Zariya da Suleja baki ɗaya. A Jamus ƙahon ya rasa ubangida ya faɗa hannun jama'a. A Zazzau bai taɓa rasa ubangida ba.

Cikin irin waɗancan ƙauyuka aka haifi Ernst Mosch, ranar 7 ga Nuwamba 1925, a Zwodau kusa da Falkenau, yankin Egerland. Ƙasar Cekoslobakiya ce a taswira, amma mazauna yankin Jamusanci suke yi, kuma Graslitz, garin da ya shahara da ƙera ƙahoni, yana nan kusa. Mahaifinsa ma'aikacin haƙar ma'adinai ne. Tun yana yaro ya shiga ƙungiyar busa ta yara, ya je makarantar kiɗa a Oelsnitz, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya haɗiye shi, aka ɗauke shi soja, ya sami rauni dab da ƙarshen yaƙin. Da aka gama, Cekoslobakiya ta kori Jamusawanta, mutum wajen miliyan 3. Mosch ya tsallaka Bavariya a 1945, yana ɗan wajen shekara 20, ba gida ba gona. Abin da ya ci da shi da farko ba kiɗan gargajiya ba ne. Jaz ya riƙa busawa a wuraren shaƙatawar sojojin Amurka, har ya goge, a 1951 ya sami gurbi a ƙungiyar kiɗa ta gidan rediyon Stuttgart ƙarƙashin Erwin Lehn.

A 1956 ya tara wasu abokan aikinsa, da yawansu 'yan gudun hijira irinsa, suka ɗauki kiɗan raye-rayen ƙauyukansu a rediyo. Wasiƙun masu sauraro suka yi ta kwarara. Haka aka haifi ƙungiyar Egerländer Musikanten. Abin da ya burge ni a aikinsa shi ne bai raina kiɗan ƙauye ba, bai kuma bar shi yadda ya same shi ba. Ya ɗauko horon da ya samu a jaz da rediyo, na daidaita numfashi da sassauta amo da shiga tare a fita tare, ya ɗora wa kiɗan da a da ake ɗauka na mashaya ne da dandali. An san shi da tsanani wurin gwaji. Mutanen da aka raba da garuruwansu suka ji gida a cikin busar, sauran Jamusawa suka bi. A watan Mayu 1966 ya kai ƙungiyar zauren Carnegie a birnin New York. Faya-fayensa da aka sayar sun haura miliyan 40. Ya yi rangadin bankwana a 1998, ya rasu ranar 15 ga Mayu 1999 a Germaringen, ɗaya daga cikin mabusansa, Ernst Hutter, ya ci gaba da jan ƙungiyar.

Saura begila, ita kuma ina ta shiga? Ita ba 'yar nafir ba ce, jikar ƙahon mafarautan Turai ce. Sojojin Hanover a Jamus suka mai da ita abin ba da umarni a ƙarni na 18, Ingilishi suka ara daga wurinsu. Rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda Hausawa suka cika ta, ita ta shigo da ita ƙasar Zazzau a 1902, makarantar horar da kuratan soja ta Zariya da aka buɗe a 1924 ta zaunar da ita, daga nan ta bazu zuwa 'yan doka da makarantu. To, waɗancan ƙahoni masu taushin murya da suka zama tambarin kiɗan Mosch, waɗanda Jamusawa ke kira Flügelhorn da Tenorhorn, ba komai ba ne illa begila da aka sa wa bawul. Ke nan busa biyun da yaron Kudan ya tashi yana ji, kowacce tana da dangi a gaban Mosch: kakaki a jerin masu ƙaho mai zamiya da ƙaramin ƙaho mai kaifin murya, begila a jerin masu taushi. A watan Fabrairu 1956, a babban hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna, kakakin sarakunan Arewa da badujalar soja sun yi busa a fili ɗaya. Bayan 'yan makonni Mosch ya shiga ɗakin ɗaukar murya a Stuttgart.

Tambaya ɗaya ta rage, ita ce kuma wadda ta fi damuna, don na sha jin matasa suna amsa ta da kunya. Me ya hana maƙeranmu ninke kakaki su sa masa maɓalli? Ba gazawa ba ce. Maƙeran farfaru da ke zuba tagulla su fitar da likkafa da kayan doki masu ado, lanƙwasa bututu ba zai gagare su ba. Matsalar tsawo ma sun warware ta tasu hanyar, suka yi shi gaɓa biyu, a kwance a rataya, a haɗa in za a busa. Ba su ninke shi ba ne saboda tsawon yana cikin aikinsa. Ana so wanda ke ƙarshen taro ya hango shi ya san inda Sarki yake tun kafin ya ga laima. Ba su nemi ƙarin amo ba kuma saboda kakaki ba waƙa aka ɗauke shi yi ba, magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti biyu, na sama da na ƙasa, sai faɗau da ke haɗa su. Mai kakaki na ɗaukar kirarin Sarki ya zubar da baƙaƙe da wasula, ya bar hawa da saukar muryar da tsawon gaɓoɓi, ya zuba su a amo biyun nan, wanda ya san fada ya ji abin da aka ce sarai, yadda mahauci ke jin takensa a kalangu. Jamusanci ba shi da wannan. Ƙahon Bajamushe ba zai iya furta kalma ba, don haka in zai faɗi wani abu da ya wuce umarnin yaƙi, dole ya koyi waƙa. Namu tun ranar da ya sauka ya tarar da harshen da amo biyu suka ishe shi.

Inda Jamusawa suka tsere mana ba a maƙera ba ne, a ajiye suna ne. An san ranar haihuwar Mosch, da malamansa, da wanda ya gaje shi. An san sunan mai busar da ya faɗi a Leipzig shekara kusan 300 da suka wuce. Mu kuwa mabusan da suka yi wa Sarki Ja'afaru da Muhammadu Aminu da Shehu Idris hidima, waɗanda suka gaji sana'ar daga iyaye suka haddace kirarin gidajen sarautar Zazzau, sunayensu a bakin 'ya'yansu da tsofaffin fada suke, ba a kan faifai ko allon makaranta ba. Haka masu algaita da gangunan hakiman Ikara da Maƙarfi da Kudan. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Hunkuyi, kuma kowane ɗalibi da na'urar ɗaukar murya a aljihunsa. Zama da waɗannan dattawa a ɗauki busarsu, a sa su fassara kowane take da bakinsu, a rubuta sunan mai busa da na ubansa da na maƙerin da ya ƙera masa, aiki ne da ba ya jiran kasafin kuɗin gwamnati.

An taɓa fara shi. A 1963 da 1964 wani masani Ba'amurke, David Ames, ya zauna a ƙasar Zazzau yana ɗaukar kaɗe-kaɗe da bushe-bushen Hausa, na fada da na masu sana'a, daga baya shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. Abin da ya ɗauka ya fito a faya-fayen garmaho guda biyu cikin jerin da UNESCO ta ɗauki nauyi. Kamfanin da ya buga su, Bärenreiter, a birnin Kassel yake, a tsakiyar Jamus, kuma sun shiga kasuwa ne a shekarun da faya-fayen Mosch ke kan ganiyarsu.